Ƙashin Lafaele Bai Rufe Ba

Savai'i, Samoa
Litinin, 14 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Ioelu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Sieni da yara. Allah Ya tsare hannuwanka daga wuƙaƙen mahautar da kake aiki, Ya ba ka juriyar sanyin Ostareliya da kullum kake kuka da shi. Mu nan muna lafiya gwargwado. Ruwa ya yi ƙaranci, amma gwaza ta yi, ayaba ma har muna rabawa. Yaya Uili ya gama gyaran rufin coci, bai faɗo ba, mun gode wa Allah. Baba kuwa sai a hankali. Ƙafafun sun ƙara kumbura, bai fita ko bakin teku ba tun Ista, fasto ne ke zuwa masa gida. Bakin dai yana nan daram, jiya ma ya wanke ni tas don na rage masa sukari a kokonsa.

Na zaɓi in rubuto maka da hannu ne saboda na san halinka a waya. Da na fara magana mai nauyi sai ka hau "to Yaya, to Yaya", can kuma ka ce hutu ya ƙare za ka koma aiki. Matar fasto za ta Brisbane ranar Alhamis, ita za ta sa maka takardar a hannu. Ka nemi wuri ka zauna, maganar ɗanka Lafaele ce.

Ka san ya cika sha shida a watan Maris. Abin da hoto ba ya nuna maka shi ne, duk cikin sa'o'insa babu wanda ya kai shi gajarta. 'Yata Tiresa, mai sha huɗu, ta wuce shi tun Kirsimeti, kuma ba ta bari ya manta, duk abin da yake so sai ta ɗora shi a saman kabad. A filin zari-ruga sunansa Guntu. Wai in an jefa masa ƙwallo sai a tsaya a duba ko shi ne ya kama ta ko ita ce ta kama shi. Matan ƙungiyar coci ma da bakinsu, wata ta tambaye ni wai ko ni nake cinye rabonsa. Shi kuma yana taya su dariya, har yakan riga su yi wa kansa ba'a. Ni da na riƙe shi shekara bakwai na san irin wannan dariyar, amma na ɗauka abin yara ne, zai wuce. Kuskurena na farko ke nan.

Sai ga maganar pe'a. Alapati na Yaya Uili ya cika ashirin, za a yi masa jarfarsa daga ƙugu zuwa gwiwa, tufuga mai zanen zai sauka a gidanmu makon farko na Satumba. Abokinsa da zai zama masa soa, su kwanta tare su sha azabar tare, ya samu aikin tsinkar tuffa a New Zealand ya tafi. Kuma ka san ba a kwantar da mutum shi kaɗai. Wata Lahadi bayan an ci abinci, duk dangi na zaune a babbar rumfa ana ta lissafa 'ya'yan wane da wane, sai Baba ya ɗaga sandarsa ya nuna Lafaele, ya ce ga soa nan a gida, me ake nema a waje. Wuri ya kaure da tafi, matar Yaya Uili ta rangaɗa guɗa. Ni kaina sai da kaina ya kumbura, yaron da na raina ne aka zaɓa. Babu wanda ya dubi fuskar yaron, har da ni.

Daga ranar ya canza. Ya daina zuwa filin wasa, ya daina tsokanar Tiresa, in ya dawo makaranta sai ya ɓace bayan gida. Na ce tsoron ƙwanƙwasar allurar tufuga ne, wa ba ya tsoronta. Ranar Laraba ta makon jiya da la'asar na zagaya in ɗebo busasshen ɓawon kwakwa na hura wuta. Ioelu, ƙafafu na hango suna lilo a ƙarƙashin bishiyar ulu mai manyan 'ya'yan nan, ganye ya rufe sauran jikin, ga igiya. Ban san lokacin da na yar da kwandon ba. Ihun da na yi, har a shagon bakin titi an ji. Ihun ne ya firgita Lafaele ya saki reshen ya faɗo a kan hannunsa. Ashe da hannuwa ya kama reshen, igiyar kuwa a idon sawunsa take, ya ɗaura kwanduna biyu cike da duwatsun da muke gasa abinci da su, wai su ja shi ya miƙe. Na rungume shi, na make shi, na sake rungume shi.

A nan ƙasa, yana riƙe da hannun, ya faɗa mini abin da ke cinsa. Ya ce Gwaggo, ai kowa ya sani ba a yi wa mutum pe'a sai ya gama girma, don kada fata ta miƙe zanen ya karkace. Kaka kuwa ya shekara tamanin yana kallon yara suna girma. Tunda ya dube shi a gaban dangi ya ce ya isa, to an yanke masa hukunci ke nan, haka zai ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin hammatar mutane. Kuma samarin filin wasa sun ƙara masa da cewa ranar da tufuga ya buga layin ƙarshe, zanen zai ɗaure shi a tsayin da yake, ko ɗan yatsa ba zai ƙara ba. Shi ya sa yake gaggawa, ko zai samu abin da ya samu kafin Satumba. Mako uku yana wannan ratayar kullum. Na tambaye shi ko ya ƙaru. Ya ce kwanduna dai sun yage guda huɗu.

Washegari muka hau motar safe zuwa asibiti. Aka ɗauki hoton wuyan hannun, aka ce targaɗe ne, ba karaya. Likitar, wata 'yar siririya mai yawan tambaya, ta so jin yadda aka yi ya faɗo, ni kuma na kwashe komai na faɗa mata, shi kuma Lafaele yana ta hararata. Ba ta yi dariya ba, Allah Ya saka mata. Ta kira shi kusa, ta nuna masa wani siririn layi a bakin ƙashin. Ta ce daga nan ƙashi ke ƙaruwa, ranar da layin ya rufe tsayi ya tsaya, nasa kuwa a buɗe yake sarai. Ta ce maza da yawa suna tsayawa tsakanin sha shida da sha takwas, amma wanda muryarsa ta yi jinkirin fashewa kamar shi yakan wuce haka, kuma abin yakan bi gida. Na ce mata ai ubansa ma sai da ya kusa gama makaranta ya miƙe. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin zai kamo Alapati ba, amma da sauransa. Duwatsu ba sa ƙara tsayi, jarfa ba ta rage shi, ya ci abinci, ya yi barci, ya bar bishiya ta huta. A mota ya rungume hoton nan kamar takardar cin jarrabawa, ya cinye burodinsa ya haɗa da nawa.

Da ma a nan labarin ya ƙare. Muna isowa na wuce wurin Baba da hoton, raina a ɓace. Na zauna a bakin tabarmarsa, don ko a cikin fushi ban isa in yi masa magana a tsaye ba. Na ce masa ya yi kuskure, yaron nan ɗanye ne, ga shaida daga asibiti, kuma ga abin da maganarsa ta kusa jawo mana. Ya karɓi hoton ya ɗaga shi a juye, ya ɗan duba, ya miƙo mini. Ya ce wai shi sai an kawo masa hoton ƙashi zai gane ɗanyen yaro? Yaron da ko gashin baki babu, in ya yi waƙa a coci muryarsa na tsalle kamar ta ɗan zakara? Ya san bai gama ba. Na ce to don me. Sai ya ce, Makerita, ba yaron ne ya gama ba, ni ne na gama. Ya ce ya ga Uili a kan tabarmar tufuga, zai ga ɗan Uili, amma daga ɗakin Ioelu bai ga kowa ba, kuma ba shi da shekara biyun da za a jira ƙashi ya rufe. Duk faɗan da na zo da shi sai na ajiye shi. Na tashi na je na dama masa koko, na zuba sukarin yadda yake so.

Ka san gidajenmu babu bango, magana ba ta ɓuya. Lafaele ya ji komai. Da safe ya same ni ina kankare kwakwa, ya ce ya yanke shawara zai kwanta. Na ce ai ka ji abin da likita ta ce, jikinka zai ƙaru, zanen zai iya gocewa. Ya ce ya goce ɗin, in an tambaye shi zai ce don Kakansa ya yi. Har da ba'arsa, wai ai gajere ya fi sauƙi, fatar kaɗan ce, tufuga zai gama da shi kafin ya kai cinyar Alapati. Na juya masa baya don kada ya ga idona.

Ina jin tsoro, ƙanena, kuma ba karkacewar zane ce ta fi damuna ba. Ka ga abin da pe'a ke yi wa ƙarti, kusan mako biyu ana ƙwanƙwasa, ga jini, ga zazzaɓi, ga kumburi. Yaron nan bai kai buhun gwaza nauyi ba. In ya kasa ya tashi a tsakiya, ka san sunan da ake ba mai rabin zane, kuma ka san ba ya gogewa, har jikoki sai an yi musu gori. Yaron da Guntu kaɗai ta sa ya ɗaura wa ƙafarsa duwatsu, in aka ɗora masa wannan, ban san abin da zan tarar a bayan gida ba. In kuma na hana, Baba ya tafi bai gani ba, Lafaele zai ɗauka gajartarsa ce ta hana kakansa burinsa na ƙarshe, kuma ni zai riƙe a zuciya. Na sa Yaya Uili ya tuntuɓi tufuga. Ya ce shi ba ya son taɓa yaron da bai gama ba, amma in shugaban gida ya umarta, uban yaro ya yarda, ba zai ƙi ba. Baba ya riga ya umarta. Saura kai.

Na san abu mafi sauƙi shi ne ka kira ka ce e ko a'a, ka koma bakin aikinka. Ba wannan nake nema ba. Akwai maganar da na shekara ashirin da biyu ban yi maka ita ba, yau zan yi. Kana da shekarun Alapati Baba ya shirya maka taka tabarmar, ya yanka aladu, ya gayyaci dangi. Saura kwana tara ka hau jirgi zuwa Auckland. Da ka dawo bayan shekara uku babu wanda ya ɗaga maganar, ni ma na tsare ka, duk wadda ta buɗe baki na rufe mata shi. Ba gori nake yi maka ba, yaro ne kai a lokacin, kuma tsoro ba laifi ba ne. Amma da Baba ya ɗaga sandar nan, ni dai na san ba Lafaele yake nunawa ba. Tabarmarka ce ake shirin kwantar da ɗanka a kai. Kai naka ƙashin ya rufe tuntuni, zane ba zai goce a jikinka ba. Ka nemi hutu, ka zo kafin Satumba ka kwanta kusa da Alapati, a bar yaron nan ya yi girmansa a tsanake. In sun hana ka hutun, ka faɗa musu mahaifinka ne ba lafiya, ba ƙarya ka yi ba.

Ka gaishe mini da Sieni, ka ba ta takardar nan ta karanta, kada ka taƙaita mata. Ka shafa mini kan Peni da Losa. In kun haɗu da Gwaggo Fualole a coci ka ce ina gaishe ta, man zafin da ta aiko yana yi wa Baba amfani. Yaya Uili da matarsa suna gaishe ku, Alapati da Tiresa ma haka. Baba bai san na rubuto ba.

Lafaele ya sani. Na tambaye shi ko yana da saƙo, ya yi ta murza ɗaurin hannunsa, can ya ce in tambaye ka tsayinka nawa ne. Wai lokacin da ka tafi kowa dogo ne a idonsa, tun daga nan kuma a zaune kawai yake ganinka a cikin waya. Na ce masa ba zan tambaya ba, ya jira ka zo ya tsaya kusa da kai ya gani da kansa. Kada ka mayar da ni maƙaryaciya, Ioelu.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Makerita