Shekara Biyar a Kan Baƙin Rami

Zuwa ga Yaya Jafaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Ya Inna da su Madina, da mutanen Sandamu duka? Ina fata gero ya yi kyau bana.

Ni lafiya lau nake a nan Kanada, aikin ne dai ya ƙi. Ka san shekara biyar ke nan ina bincike kan baƙin rami, wato tauraron da ya mutu ya rufta cikin kansa, har haske ba ya iya kuɓuce masa. Na so in nuna da lissafi cewa bayanin abin da ya faɗa ciki ba ya ɓacewa. Ranar Litinin malamata ta kira ni ofis, ta miƙo mini sabuwar takardar wasu masana. Ta ce, "Hadiyya, sun gano kuskure tun daga tushen hanyarmu. Ba ya gyaruwa." Kwana uku na yi ina bin lissafinsu layi-layi, ko zan kama su. Su ke da gaskiya.

Izinin zamana zai ƙare bayan babbar salla, sabon bincike kuwa sai ya ci shekara uku. Ban ga mafita ba, Yaya. Abinci ma sai na tilasta wa kaina, amma kada ka damu.

Na ji Baba har ya fara kirana Dakta a ƙofar masallaci. Don Allah kada ka gaya masa tukuna. In ya tambaya, ka ce ina nan ina karatu. Ba ƙarya ka yi ba.

Allah ya ƙara masa lafiya. A sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Hadiyya