Keke Mai Ƙafa Uku a Hanyar Teku

Makhanda

Zuwa ga ƙanwata Nokwanda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara da aikin asibiti duk lafiya. Na ji kin share mini ɗaki a gidanki na Gqeberha. Na gode. Na san tun da ɓarin jikina na hagu ya shanye hankalinki bai kwanta da zamana ni kaɗai ba.

To, na sa sunana a tseren keken bana, wanda ake tashi daga nan Makhanda a sauka bakin teku a Port Alfred. Kada ki tashi hankalinki. Keken ƙafa uku gare shi, a kishingiɗe ake tuƙa shi, ƙafafu a gaba, birki a hannun dama. Maƙwabcina Hennie ne ya ara mini. Idan na kai teku kafin a tashi taro, ki bar ni a gidana. Idan na kasa, da kaina zan kulle ƙofa in taho.

Ki huta lafiya. Yayanki, Mzwandile

Gqeberha

Yayana, Bhuti Mzwandile,

Ina gaisuwa, muna lafiya. Kai da ba ka iya ɓalle maɓallin riga sai da haƙori, kai ne za ka kwanta a kan titi kamar wanda ake kaiwa ɗakin tiyata? An ce ranar ruwa za a yi. Na yarda da sharaɗinka, don na san inda za a ƙare. Ka sa rigar ruwa, ka sha maganinka, kada ka biye wa Hennie.

Allah ya tsare. Taka, Nokwanda

Makhanda

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ga yadda aka yi.

Ruwan ya fara tun muna kan layi. Kafin mu hau tudun farko kowa ya wuce ni, har da wata tsohuwa da ta leƙo ta tambaye ni ko na manta bargo. Sai aka bar ni ni da hanya.

Masu keke mai ƙafa biyu kwalta suke kallo. Ni kuwa sama nake kallo. Gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa, yana tafiya tare da ni kamar shi ma teku ya nufa. Ruwa yana sauka a fuskata, tayoyi suna wani siririn sauti, shanu na tsaye cikin hazo kamar ba su da ƙafafu. Can na rasa ko ni ke tafiya ko tuddai ne ke zuwa su wuce. Har na ji kamar muryar Mama tana kiranmu mu kwashe shanya. Tun da na kwanta ciwo ban yi awa guda ba tare da tuna cewa ni majinyaci ne ba, sai ranar.

A wurin shan ruwa wata mata ta ba ni shayi da fanke mai zafi, ta ce motar kwasar waɗanda suka gaji tana bayana. Na ce ta gaishe ta.

Kusa da gonakin abarba na Bathurst wani abu ya dame ni, na kasa gane ko mene ne. Sai da na duba na ga hannuna na hagu a kan cinyata, ruwa yana gangara masa ta bakin hannun riga. Nokwanda, sanyi nake ji. A cikin yatsu biyu, ƙarami da na kusa da shi.

Na ja birki na tsaya a gefen hanya. Na ɗaga hannun da ɗan'uwansa, na buɗe tafin, na bar ruwa yana zuba a ciki. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Tsoro nake ji kada in motsa ya tafi. Direban motar ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya ce, “Baba, lafiya?” Na ce, “Sanyi nake ji.” Bawan Allah ya ruga zai ɗauko bargo, ni kuwa ina ta dariya.

Ban kai teku ba, a bayan mota na gan shi. Magana kuma magana ce. Na fara haɗa littattafaina, Hennie zai karɓi karena. Ki faɗa mini ranar da ta yi miki.

Yatsun suna nan, har yanzu ina jin su. Yanzu haka na ɗora su a jikin kofin shayi.

Yayanki, Mzwandile

Gqeberha

Bhuti,

Ina gaisuwa. A ɗakin hutun ma'aikata na karanta takardarka, sai da na fita waje.

Na yi magana da likitar gashin ƙashi, tana son ganin hannun ranar Alhamis. Zan zo in ɗauke ka. Kaya na kwana biyu kawai za ka ɗauko. Ka mayar da littattafan inda suke, kuma kada ka ba kowa karen.

Sai na zo. Nokwanda