Na ce babu a gaban Yaya, alhali na san ina da ciki

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, mu 'yan Arewa a KL, babban birnin ƙasar Malay, ba mu da yawa, ko tari na yi sai an gane ni. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Alhamis, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Shekarata ashirin da ɗaya, ina gama sakandare na yi aure, maigidana yana karatun digiri na uku a nan, muna zaune a unguwar Pantai Dalam. Yayansa uwa ɗaya uba ɗaya yana koyarwa a wata jami'a wajen Jalan Semarak, shi ya kawo shi ƙasar nan, shi ya tsaya masa a komai har aurenmu, Yaya muke ce masa. Ni ko cikin idonsa ban taɓa kallo ba, in ya shigo gidanmu durƙusawa nake in gaishe shi in gudu kicin, haka na taso na ga ana yi.

Da aka fara rigakafin korona sunana ya fito a manhajar nan ta waya da ake nunawa a ƙofar kowane kedai, wato shago, aka ba ni rana da wuri. Saura kwana uku ranar na lura wata ya wuce ban ga al'adata ba, sai maƙwabciyarmu Anti Rahila, 'yar Kaduna ce, ta raka ni wani ƙaramin kilinik a ƙasan gininmu, aka auna aka ce ciki ne sati shida. Cikina na fari. Anti Rahila har rawa ta taka a cikin lif, ta ce maza in je in yi wa oga albishir, na ce sai ya gama gabatar da aikinsa tukuna kada in raba masa hankali. Ta ce, "Ke yarinyar nan, mijinki ne fa ba surukinki ba, ko ke kaɗai kika yi cikin?" Na rufe fuska da hijabi. Gaskiyar magana ba aikinsa ba ne ya hana ni, kunya ce, ban san da wane baki zan fara ba. A gidanmu yayata sai da kowa ya ga cikinta da idonsa, babu wanda ya taɓa jin maganar daga bakinta.

Ranar allurar maigida yana da ganawa da malaminsa, shi kuma Yaya ranarsa da wurinsa sun zo ɗaya da nawa, sai aka ce in bi shi a mota. Da muka shiga zauren aka miƙo mana fom, rabi Malay rabi Turanci. Ina iya karanta Turanci daidai gwargwado, amma Yaya ya karɓe nawa ya ce kawo in cike miki Amarya, layi na tafiya. Yana tambaya ina amsawa kaina a ƙasa, asma babu, ciwon suga babu, har ya zo wajen tambayar ciki. Wallahi shi ma bai iya karanta ta a fili ba, ya gyara takunkumi, ya juya fuska wajen bango ya ce, "Wannan ta gaban ma babu ko?" Na ce babu. Ya ja layi ya wuce. A teburin likita aka sake tambaya, Yaya na tsaye a bayana wai zai fassara mini, na girgiza kai, na sa hannu, aka yi mini allura. A raina ina cewa ai allura ce kawai, kowa yi yake.

Bayan sati biyu ƙafata ta hagu ta kumbura tun daga sha-raɓa, ta yi zafi kamar an ɗora dutsen guga, muka yi ta shafa man zaitun da habbatus sauda har kwana uku, sai da numfashina ya fara sarƙewa maigida ya kwashe ni zuwa asibiti. Aka ce jini ne ya daskare a jijiya, da mun ƙara jinkiri da wani labarin ake. Kwana tara na yi a kwance ba mai shiga wajena saboda dokar korona, abinci ma sai maigida ya yi tapau, wato ya sayo a ƙunshe, ya ajiye a ƙasa a kawo mini. A waya likita ta faɗa masa ina da ciki. Ya kira ni yana kuka yana dariya, yana cewa ashe mu biyu muna zaune ba mu sani ba, ni kuma na ce masa wallahi kuwa. Nan na fara ƙarya ta biyu, kuma da rantsuwa.

Alhamdulillah cikin yana nan, amma kullum da safe sai an yi mini allurar tsinka jini a fatar cikina har in haihu, kuma shi yake yi mini da hannunsa. Ƙafar har yanzu ba ta komo daidai ba, ko tsayuwar girki ba na iyawa. Ba ina cewa kada kowa ya yi rigakafi ba ne, shi da Yaya da Anti Rahila duk sun yi lafiya lau. Ita ma likitar ta ce ba za ta iya rantsewa allurar ce ba, ciki kansa yana jawo wannan, zaman wuri ɗaya na kulle ma yana jawowa, sai an yi bincike. Amma ta ce da an san da cikin a ranar, da an zauna da ni an duba lokacin da ya dace da irin wadda ta dace.

Shi kuwa maigida tunda na dawo gida ya rantse sai ya kai kamfanin da ya yi allurar kotu. Ya samu wata lauya suka yi magana ta bidiyo ina zaune a gefe. Ta ce masa ya cire wannan daga ransa, gwamnatoci da yawa sai da suka amince su ɗauke wa kamfanonin nauyin ƙara kafin a sayar musu da allurar, kuma takardar da na sa wa hannu akwai layin da na yarda na ɗauki haɗarin da kaina. Wai ko mun shigar da ƙara za a daɗe ana ja, abin da muke da shi zai ƙare, ƙila ma bizarmu ta ƙare kafin a fara. Ya ce mata yanzu ko mai gidan abincin mamak ne ya sayar masa da shinkafa ta ɓata masa ciki ai yana da inda zai kai kuka, amma kamfani ya tsira wa matarsa allura a ce ba ya taɓuwa? Ta ce haka abin yake, hanya ɗaya ita ce asusun tallafi da gwamnati ta ware wa wanda allurar ta yi wa mummunar illa, kwamitin likitoci ne ke dubawa, su za su ce e ko a'a. Ranar bai ci abinci ba. Ni ma abin ya ba ni haushi wallahi, an ce kowa ya yi, in ba ka yi ba ko kasuwa ba ka shiga, amma da abu ya faru sai a nuna maka sa hannunka a ƙasan takardar da ko minti biyu ba a ba ka ka karanta ba.

Yaya ya ce a bar wa Allah, ƙaddara ce, kuma baƙo ba ya ja da hukumar ƙasar da yake zaune. Maigida ya ce ƙaddara ba ta hana neman haƙƙi. Suka ɗaga wa juna murya a falonmu, abin da ban taɓa gani ba, har ya ce wa Yaya ai don ba matarsa ba ce. Yau sati biyu Yaya bai tako gidanmu ba, ni kuwa ina ɗaki ina jin su, na san ni ce sila.

To ga inda abin ya ƙulle. Lauyar ta ce kwamitin zai nemi fom ɗin da na cike, da takardar duk wani asibiti da na je kafin allurar, kuma ta ja kunnensa kada a ɓoye komai, in suka ga magana ta saɓa za su yi watsi da takardun, ƙila ma ya jawo mana tambayoyi. Shekaranjiya ya ɗauki wayata zai ɗauki hoton shaidar rigakafi, sai ya ga jerin wuraren da na nuna waya na shiga, ga sunan kilinik ɗin nan ɓaro-ɓaro, kwana uku kafin allura. Ya ce me ya kai ni, na ce ciwon kai ne, Anti Rahila ta raka ni. Ƙarya ta uku. Ya faɗa wa lauya, ta ce ai wannan takardar ma ita ce ta fi muhimmanci, a karɓo. Ya kira su, sun ce sai na zo da kaina da fasfo, ranar Alhamis da safe. Kuma tare za mu je, don ba na iya tafiya ni kaɗai.

Na roƙi Anti Rahila ko za ta yi musu magana su rubuta ciwon kai, ta ce ita ba za ta sa hannu a wannan ba, kuma ba Najeriya muke ba, ko a Najeriyar ma ba za ta yi ba. Ta ce in faɗa masa yau, in ina so za ta zauna kusa da ni. Na ce in na faɗa, zai gane na bar shi yana faɗa da yayansa, yana bin lauya, yana zagin kamfani, alhali na san abin da na ɓoye. Zai kuma gane rubutun Yaya ne a kan fom ɗin, kuma bai ma karanta mini tambayar ba. Ko dai ya ɗora wa Yaya laifi zumunci ya ƙarasa lalacewa, ko ya ɗora mini, ya daina yarda da duk abin da ya fito daga bakina. Kuɗin asusun ba su dame ni ba, na riga na cire rai. Yadda zai kalle ni ne nake tsoro.

Yau da safe yana yi mini allurar, ya dafa cikina ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, ke ba ki yi laifin komai ba, sai na ƙwato miki haƙƙinki ke da wannan." Na juya kai wajen bango kamar yadda Yaya ya yi.

'Yan uwa ya zan yi? In faɗa masa da bakina kafin Alhamis, ko in fara samun Yaya ta hannun matarsa tunda shi ma abin ya shafe shi? In ce masa a janye neman tallafin gaba ɗaya, to in ya ce don me, me zan ce? Masu ilimin shari'a a cikinku, in na gyara maganata da kaina a gaban kwamitin za su saurare ni, ko na riga na kashe komai? Maza kuma don Allah ku faɗa mini tsakani da Allah, in matarka ce, za ka fahimci kunya ce ko za ka ce munafunci ne? Kada ku zage ni, na zagi kaina ya isa. Ku dai faɗa mini kalmar da zan fara da ita, don sau uku yau ina buɗe baki ina kiran sunansa, in ya juyo sai in ce ya miƙo mini ruwa.