Man Ƙwanni a Motar Sakkwato

Zuwa ga Yaya Umaru,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Kumasi? Mu nan Illela lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Ɗanka Bello na cikin ɗalibaina da za su yi jarrabawar shiga makarantar Midil a Sakkwato ranar Litinin. Jiya motar fatun da za ta kai su ta yi ƙarancin mai. Direban ya sayo garwa biyu ta man Faransa mai arha daga Ƙwanni, ya tuttula a kan namu. Na ce masa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ya yi dariya: "Mi zai faru, Malam? Gero da dawa duk tuwo na!"

Motar ta tashi da su tana tari kamar tsohuwar akuya. Idan ta mutu a hanya sai baɗi, baɗi kuwa shekarun Bello sun wuce.

Tun safe duk mai jakin da ya shigo daga kudu sai na tare shi. Har yanzu ba wanda ya ga mota a tsaye. Da wannan nake lallashin kaina.

Ka taya mu da addu'a. A gaida mutanen gida.

Ƙanenka,
Sani