Allunan Zamiyar Da Na Zaɓar Wa Ƙanwata

Burul eje, babbar yaya, ki taimake ni, amma kada ki yi mini wa'azi, na ƙoshi da shi a gida.

Ni na koya wa ƙanwata Begimai zamiya a kan dusar ƙanƙara, tun tana majina, nan dutsenmu na Karakol. Tsofaffin allunan zamiyata ta riƙa ɗaurawa a ƙafa shekara goma sha biyu, tana bin sawuna. Bara ta wuce ni. Ba ta ma waiwayo ba. Bana makarantar koyar da zamiya za ta ɗauki mace ɗaya tak aikin koyarwa, gwaji saura kwana goma, mu biyu muka rubuta suna. Ni shekarata talatin da huɗu, ita ashirin da biyu, kin ga wa ke da sauran lokaci.

Da Baba ya ce a saya mata sababbin alluna, sai ta ce ita ba za ta zaɓa ba, babba ke zaɓa, abin da yayarta ta ɗauko shi ne daidai. To, na ɗauko. Na ɗauko mata na tseren maza, sun ɗara kanta tsawo, ga tauri kamar ƙyauren ƙofa. Sai ƙato mai nauyinta biyu ne zai lanƙwasa su. Mai shago ya dube ni ya ce anya kuwa, na ce masa yarinyar ƙarfi gare ta.

Sati uku ke nan tana shan ƙasa. In ta zo kwana alluna su ƙi juyawa, ta tafi can ta kife, cinyarta duk ta yi baƙi. Ba zan ɓoye miki ba, ranar farko daɗi na ji har cikin raina. Abin da ke ba ni haushi, ba ta zargin allunan, kanta take zargi. Jiya tana zuba mini shayi take cewa wai ashe dama ba ta iya ba, wai ta ba ni kunya bayan na wahala na zaɓo mata masu kyau. Wawiya kawai. Wani malaminsu ya ce ta canza, ta ce masa Allah ya kiyaye ta raina zaɓin yayarta.

Yanzu malamin ya ce zai yi wa Baba magana. Me zan ce in wanke kaina? Kuma don Allah wane irin allo ya fi dacewa da macen da ta ƙware, mai son yanka kwana a ƙanƙara mai tauri da mai laushi? Don kaina nake tambaya.

Wadda Aka Wuce, Karakol

Wadda Aka Wuce,

Tambayarki ta ƙarshe mai sauƙi ce. Tsawon allo ya tsaya tsakanin haɓarki da goshinki. Ƙugunsa, wato tsakiyarsa, kada ya cika siranta, kada ya cika faɗi, don ya kama ƙanƙara mai tauri ya kuma ɗauke ki a kan sabuwar dusar ƙanƙara. Taurinsa matsakaici, wanda nauyinki zai iya lanƙwasawa, sannan a ɗaure mariƙin takalmi daidai nauyin mai hawa. Kin san duk wannan. Wadda ba ta sani ba, ba za ta iya zaɓo kishiyarsa daidai haka ba.

Na fahimci zafin da ke ranki. Ki raini yarinya, ki ɗaura mata takalmi, ki wayi gari tana gabanki, ga aiki ɗaya kuna so ku biyu, akwai ciwo. Ita ma da ta waiwayo ta gode, da ta kyauta. Iyakar abin da zan ba ki ke nan.

Sauran kuwa mugunta ce, ba ta da wani suna. Kin ce mata wawiya, alhali laifinta ɗaya ne, ta yarda da ke. Kuma allon da ya fi ƙarfin mai shi ba kunya kaɗai yake jawowa ba, gwiwa yake tsinkawa. In ta tsinke, ba gwajin bana kaɗai za ta rasa ba.

Ba zan ba ki ƙaryar da za ki yi wa mahaifinku ba. Yau ɗin nan ki karɓe allunan, ki kai ta shago ta gwada da ƙafarta ta zaɓa. Sannan ki gaya mata da gangan kika yi. Kada ki ce kuskure ne, don in kin ce haka za ta sake gode miki, kuma za ta ci gaba da tunanin ita ce ba ta iya ba. Wataƙila ta daina ce miki yaya na wani lokaci. Wataƙila kuma ta cinye gwajin. Ki shirya wa duka biyun.

Allah ya tsare gwiwar Begimai. Ke kuma Allah ya ba ki zuciyar da za ki tsaya ki kalle ta tana wuce ki.

Burul