Inna ta ƙi yin shiru

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zafin Agadas? Ya Hajara da yara? Mu nan Madarunfa lafiya lau.

Jiya gwamnati ta tara mu a filin lakwal, makarantar boko, don tunawa da mutanenmu da 'yan bindiga suka kashe a gonakin Gabi bara. Wani babba daga Yamai ya aje furanni, ya ce a miƙe a yi shiru na minti ɗaya.

Inna ta miƙe, amma ba ta yi shiru ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Habu ɗana, Allah ya jiƙan ka!" Wani jandarma ya ɗaga mata hannu wai ta yi shiru. Ta ce, "Yaro, tun bara muke shiru, wa ya ji mu?" Sai mata suka ɗauka, kowacce na kiran nata, har liman ya sa baki aka shafa Fatiha.

Wai mun ɓata musu tsari. To, mun ɓata. Mamaci addu'a yake so, ba fure ba. Baɗi ma haka za mu yi.

Inna na gaishe ka. Ka sa Habu a addu'a, kuma ka kira sunansa da ƙarfi.

Ƙanwarka,
Rabi