Wasan da Na Zaɓa

Yaya Arlene,

Gaisuwa mai yawa daga Minnesota. Yaya jikin Mama, da sanyin Saskatchewan? Ni lafiya lau, sai dai gwiwar da na karya ina ɗan wasa.

Kwalejin da nake aiki ta sallame ni daga aikin kocin wasan hoki na kan ƙanƙara, bayan shekara goma sha tara. Shugaban ya ce, "Wendell, ka yi ƙoƙari, amma lokaci ya yi." Kada Mama ta ji tukuna.

Abin da ke cina shi ne jana'izar Baba. Kin ce in zo, na ce muna da wasan ƙarshe. Aka ci mu uku da ɗaya.

In na zo, ki kai ni kabarinsa. Har yau ban san inda yake ba.

Allah ya saka miki.

Ƙaninki,
Wendell